Sibdu da Tukunyar Sitiroberin Mijinta

Sibdu matar wana ce, don haka ni ƙanwarsa, a al'adarmu ta Mosi, "matata" nake ce mata. Ita kuma idan tana cikin nishaɗi ta ce da ni "maigida", idan ranta a ɓace yake sai ta kira ni Talato kai tsaye. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata a Bulmiyugu, nan gefen Wagadugu, kuma katangar ba ta kai kafaɗata ba, shi ya sa babu abin da ya taɓa faruwa a tsakar gidanta ban gani ba. Masu cewa na cika sa ido su je su ƙara wa katangar bulo.

Wana Tirawgo ɗan lambu ne a bakin madatsar ruwa. Yana noma latas da kabeji kamar kowa, amma zuciyarsa na wajen sitiroberi, wanda mu nan muke kira firez. Irin nasa ba manya ba ne. Ƙanana ne jajaye wur, ga ƙamshin da in an shigo da kwano ɗaya ɗaki sai kowa ya waiwayo. Daga hannun mahaifinmu ya gaji irin, bai kuma taɓa bari ya ɓace ba. Duk shekara in zafi ya shigo sai ya zaɓi uwaye masu lafiya ya kawo gida, ya ajiye su a inuwar mangwaro su ƙetare damina suna yaɗo, in sanyi ya gabato ya yanke 'ya'yan ya dasa. Uwar da ya fi ji da ita tana cikin wata tsohuwar tukunyar ƙasa da ta tsage ya ɗaure ta da waya. Sibdu takan ce da a ce tukunyar nan tana dafa tuwo, da tuni ya sallame ta ya zauna da tukunyar.

Da ya rasu, ranar zaman makoki, sai ga Korotimi a kan babur ɗinta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Korotimi 'yar ƙabilar Samo ce, mai sayar da busasshen kifi a can wata unguwa, ƙawar Sibdu tun suna 'yan mata. Tsakaninmu Mosi da Samo kuwa wasa ne tun na kakanni: a zagi juna, a ƙwace wa juna kaya, ko a gidan mutuwa ne, babu mai ikon yin fushi. Ta shigo ana ta kuka, ta tsaya a tsakiyar mata ta riƙe ƙugu.

"Kukan me kuke yi? Bawana ne ya gudu bai gama mini aiki ba, ni ya kamata in yi kuka!"

Ta duba nan ta duba can, ta je ƙarƙashin mangwaro ta sunkuci tukunyar nan mai waya ta ɗora a ka.

"Wannan ita ce ladan aikin da ya bari. Mai son ta ya kawo mini zakara ja, ƙato, ba irin kajinku na Mosi masu kama da tsintsiya ba."

Sibdu da ba ta ɗaga kai ba tun safe, sai ga ta ta ɗago da jajayen idanu. "Zakara a kan fasasshiyar tukunya? Tafi da ita, ɓarauniya. Daman ku Samo yaushe kuka taɓa ganin tukunya mai kyau?"

Aka fashe da dariya da hawaye a fuska. Dariyar farko ke nan da aka yi a gidan, kuma har yau ina gode wa Korotimi saboda ita.

Filin bakin ruwa daman aro ne, ya koma hannun masu shi. Sibdu ta kwashe sauran uwayen ta mai da tsakar gidanta lambu. Ta yi 'yan kunyoyi a jikin katanga, ta yanka jarkoki, ta tara tsofaffin tayoyi, har kwanon wankan da ya huje bai tsira ba. Abin da ta samu takan jera a ƙananan kwanuka ta kai bakin titi, da shi ta ƙarasa rainon 'yarta Wendyam. Amma ni na san ba don cinikin kawai take yi ba. Da safe nakan ji ta tana yi wa shukokin magana da irin muryar da take yi wa wana.

Sitiroberi kuwa abu ne mai maƙiya. Darɓa na son sa, dodon koɗi na son sa, tsuntsaye na son sa, ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari jajaye da ke ɓuya a bayan ganye suna saƙa kamar gizo-gizo. Sibdu ta san kowanne da lokacin zuwansa. Kafin ta wanke fuska ta riga ta bi shukokin ɗaya bayan ɗaya tana juya ganye.

Korotimi takan zo ranar da ba ta fita kasuwa, ta ja kujera ta zauna kamar mai gidan, a ba ta zomkom, ruwan garin geron da muke tarar baƙo da shi, ta shanye ta ce bai ji suga ba. Daga nan sai ta shiga tsiya.

"Ke baiwata, wannan warin fa? Miyar Mosi ce kike dafawa?"

"Ƙwallon darbejiya ne na daka na jiƙa ya kwana, na sa ɗan sabulun salo. Maganin darɓa ne da jajayen ƙwarin nan. Matso in fesa miki, ko kwarkwatar kanki ta ragu."

"A bayan ganyen kike fesawa? Kunyar gabansa kike ji?"

"A bayan suke kwana, jahila."

Wata rana ta tarar da ita tana shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin shukokin. "Oho, yau kuma katifa aka saya wa 'yan gata?"

"In 'ya'yan suka kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa fumfuna ce ke cinye su."

Haka dai. Ta ga toka an zagaye kunya da ita, ta tambaya ko tsafi ne, a ce mata dodon koɗi ne ba ya son tsallakawa. Ta ga tsohon gidan sauro an lulluɓe shuka da shi, ta ce ashe har sauron Mosi ganye yake ci, a ce mata don tsuntsaye ne. Ta ga Sibdu na zuba ruwa a gindi a hankali da sassafe, ba a ka ba kamar yadda ake yi wa latas, ta ce rowar ruwa ce. Ni kaina wani lokaci surutun yakan ishe ni, in leƙo ta katanga in ce ta tafi kifinta na jiran ta. In kuma Sibdu ta tambaye ta labarin tukunya, amsa ɗaya ce: "Akuyata ta cinye ciyawarki tun a makon farko. Tukunyar kuma agwagina ke wanka a ciki. Ina zakarana?"

Shekaru suka tafi a haka har Wendyam ta yi aure. Surukin Sibdu, wato uban mijin, wani dattijo ne mai suna Nikiyema, mutumin kirki mai son a san ya yi abin kirki. A farkon damina sai ga shi da kwando a bayan keke, ya yi tafiya ya sayo wa surukarsa wani sabon irin sitiroberi da aka ce 'ya'yansa kamar ƙwan kaza.

Ina kan katanga na ga fuskar Sibdu lokacin da ta ɗaga shukokin. Ganyen biyu daga ciki ya yi laushi alhali ƙasarsu a jiƙe take. Ta juya su, ta sake juyawa. Na san hankalinta bai kwanta ba. To amma a wajenmu kyautar suruki ba a ajiye ta a bakin ƙofa kamar takalmi. Wurin da ya fi daraja ake ba ta, kuma a gaban idonsa. Ga dattijo a tsaye yana murmushi, hula a hannu, yana cewa, "Surukata, ina za a sa su? Ina so in gani da idona."

Sibdu ta durƙusa ta buɗe musu wuri a tsakiyar babbar kunya, cikin uwayen Tirawgo. Ragowar ta rarraba su cikin jarkoki da tayoyi don kada ko ɗaya ya ragu a kwando dattijo ya ji kunya.

Ruwa ya sauka sosai a shekarar. Baƙin shukokin suka fara yanƙwanewa, sai na kusa da su suka bi. Ruwan da ya kwanta a kunya ya ɗauki cutar ya kai ko'ina. Sibdu ta fesa darbejiya, ta zuba toka, ta haƙa wa ruwa hanya, ta cire masu ciwo ta raba su da sauran. Duk a banza, don wannan ba ƙwaro ba ne da za a kama, ciwon a ciki yake. Wata safiya ta tumɓuke wata uwa ta tsaga gindinta da wuƙa ta miƙo mini ta katanga. Cikin da ya kamata ya zama fari ya koma ja-ja kamar ruɓaɓɓen goro.

"Talato," ta ce, "ya ƙare."

Ita da kanta ta tumɓuke su duka, masu ciwo da waɗanda suka yi kama da masu lafiya, ta tara a bayan gida ta cinna musu wuta. Ta kwashe ƙasar ta zubar can nesa, ta wanke jarkokin ta kife su a rana. Na ce ta bar ko guda biyu mu gani, ta ce barin biyun shi ne ajiye cutar ta jira wani. Ban taɓa jin haushin al'adarmu irin na ranar ba, na kuma faɗa da ƙarfi, har sai da ta ce in rage murya kada maganar ta kai gidan Wendyam.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun da ya biyo baya. Sibdu ta daina tashi da sassafe. 'Yan lambu sun yi mata tayin nasu irin, ta yi godiya ta ce a bari tukuna. Ta ce da ni, "Ba sitiroberi na rasa ba, maigida. Shi ne ya sake mutuwa, kuma wannan karon da hannuna." Sai na aika wa Korotimi cewa baiwarta ba lafiya.

Ba ta zo a ranar ba, ba ta zo washegari ba, har na fara zaginta a zuci da gaske, ba na wasa ba. Sai ranar kasuwa da hantsi muka ji tarin babur a ƙofa. Ta shigo da baya tana jan wani abu, zani a ɗamare, tana haki.

"Ina matacciyar? Fito ki karɓi tsiyarki, ta cinye mini bayan ɗaki, ko wurin shanya kifi ba ni da shi!"

Tukunyar ce. Wayar ta yi tsatsa, an ƙara mata wata sabuwa daga sama. A ciki ga sitiroberi kore shar, yaɗo na zubowa ta ko'ina, gindinsa shimfiɗe da busasshiyar ciyawa. A bayan babur kuma ga kwandon kifi cike da gwangwanaye, kowanne da ɗan shuka a ciki, an lulluɓe su da yagaggen gidan sauro.

Sibdu ta fito ta tsaya. Ta zuba wa tukunyar ido. Sannan ta durƙusa ta sa yatsa a kan tsohuwar wayar, daidai inda Tirawgo ya murɗe ta, ta juya ganye ɗaya ta duba bayansa. Ta kai hanci ta sunsuna.

"Darbejiya," ta ce a hankali. "Da sabulun salo."

"To da me zan fesa, da miyar kuka?" in ji Korotimi. "Shekara da shekaru ina zuwa ina shan zomkom ɗinki marar suga, kina tsammani daɗinsa ke kawo ni? In na ce koya mini, ai sai ki yi ta yi mini ɗagawa har in mutu. Uwar ta farko ta tsufa tuni, waɗannan jikokin jikokinta ne. Duk shekara sai na sauya ƙasa na mai da ɗiya cikin tukunyar, kamar yadda na ga kina yi."

Nan Sibdu ta rushe da kuka, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da ta cinna wutar. Ni ma ban san lokacin da na tsallako katangar ba, da girmana da komai. Korotimi ta juya mana baya tana gyara madubin babur da babu abin da ya same shi.

Da kukan ya lafa sai Korotimi ta sunkuya za ta kai tukunyar ƙarƙashin mangwaro. Sibdu ta riƙe mata hannu.

"A'a. Nan bakin zaure za su zauna tukuna."

"Kan uba! Ni za ki ajiye wa kaya a bakin ƙofa?"

"Baƙo ko na gida ne, in ya dawo daga tafiya sai ya zauna ya sha ruwa an ji lafiyarsa kafin ya shiga ɗaki. Balle wanda ya yi shekaru a hannun Samo, wa ya san abin da ya kwaso?"

Ta ɗebo ruwa ta zuba a gindin kowanne a hankali. A nan suka yi makonni tana duba su safe da yamma, sai da ta tabbata lafiyarsu ƙalau sannan ta dasa su a sabuwar ƙasa. Tun daga lokacin ta gina ɗan dakali a zauren, ta ce masaukin baƙi ne, kowace shuka aka kawo mata nan take fara sauka. Dattijo Nikiyema da labari ya kai masa ya zo ba da haƙuri kamar zai nutse, ta zaunar da shi a gefen dakalin ta ba shi zomkom, ta nuna masa cewa yanzu ko kyautar sarki a nan za ta sauka. Ya ce wannan ai karramawa ce, ya tafi da sauƙin zuciya.

Da sanyi ya kankama, 'ya'yan fari suka nuna, ƙanana jajaye wur. Ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni ina tankaɗe, na ajiye rariyar na zauna, don ƙamshin gidan mahaifinmu ne. Can sai na ji kaji na kururuwa. Na leƙa, ga Sibdu da tsufanta tana zagaye mangwaro a guje, ɗankwali ya faɗi, tana bin jan zakaranta.

"Maigida, tsaya kallo za ki yi?" ta ce tana haki. "Tare mini ta can! Ɓarauniyar nan na jira."