Sau bakwai na shafa wa mul ɗina kaki

Na sa bakin katako a gefen mul ɗin, wato mazubin da ake fitar da siffar kaya a ciki, na yi bismillah, sai na ji "ɓas". Murfin ƙafar moto ya fito sumul, har fuskata nake gani a jikinsa. Jama'a, yau da farin gemuna na taka rawa a bakin rumfa.

Sati uku na yi ina haɗa mul ɗin nan na fibir, zaren gilas da ake ƙarfafawa da danƙo, da ya kama sai dai guduma. Ga Isufu ɗan ƙanena, mai difulom, ya riga ya faɗa a fada, majalisar hirarmu, a gaban sa'o'ina, wai wanda bai shiga lakwal ya yi boko ba, ba zai iya aikin nan ba. Ban manta ba.

A gabansa aka yi, shi da nasa ya manne makon jiya duk da man gwangwaninsa na waje.

Ya ce, "Baba, me kuka shafa?"

Na ce, "Kakin zuma na garin Droum. Kai sau nawa ka shafa naka?"

Ya ce, "Sau ɗaya."

Na ce, "Je ka tambayi mahaifiyarka sau nawa ake ba sabuwar tanda mai kafin ta saki waina. Ni sau bakwai na shafa, ina gogewa ina jira."

Ya sosa ƙeya, ya ce in koya masa. Zan koya masa mana, amma a bainar jama'a, gobe bayan la'asar.

Mai ɗakina ta ce na cika riƙo. Ku da kuke karantawa, in ku ne, a ɓoye za ku koya masa?