Muryar Inna a Gonar Gero

Mun tashi daga Kano ana sallame sallar asuba, ni da autarmu, muka nufi Gaya. Yayanmu ne ya kira mu. Tun rasuwar Baba bara ɗakin kayan aikinsa yake kulle, yanzu kuma ana son ɗakin, don haka Yaya ya ce mu zo a yanke shawarar abin da za a yi da tarkacen ciki. Baba mai lasifika ne. Duk biki ko suna ko wa'azin da aka yi tsakanin Gaya da Ajingi a zamaninsa, da wuya ka rasa wayoyinsa a wurin, kuma ni ne mai bin sa da ɗaurin waya a ka.

Ni dai ba amfilifaya ta fito da ni ba. Akwai wani kaset guda da na yi wa autarmu alkawari. Innarmu ta rasu tana jaririya, ba ta san muryarta ba. Ranar da Baba ya sayo sabuwar rikoda, ya gwada ta a tsakar gida, ya ɗauki Inna tana yi wa jaririyar waƙar raino. Bayan rasuwarta ya ɓoye kaset ɗin, ya ce ba zai iya ji ba, kuma babu mai taɓa masa. Sau ɗaya tak na taɓa ji. Autarmu yanzu tana da 'ya'ya biyu, amma ta ce da ni daren da za mu taso ko runtsawa ba ta yi ba.

Kuɗin mota ya tashi yadda har kwandasta da kansa yake faɗa yana kawar da kai. Aka cusa mu a ƙaramar bas, ni ga buhun taki a ƙafa, ga wani dattijo da ya mai da kafaɗata matashi tun kafin mu fita gari. A Wudil muka sayi ƙosai ta taga, wanda in ka ɗaga shi sama sai ka hango gada ta cikinsa. Daga nan zuwa Gaya kuwa ido ya sha kallo. Ƙarshen damina ne, gero ya yi zangarniya, gyaɗa ta rufe ƙasa, ko'ina kore shar.

Da Yaya ya buɗe ɗakin, warin ƙura da tsohuwar roba ya tare mu. Ga manyan lasifikokin nan masu baki kamar kwarya, zanzaro ya yi gini a cikin biyu. Ga amfilifaya, ga makirfo, ga garmaho da ko ni ban taɓa ganin ya yi aiki ba. Yaya ya ce 'yan gwangwan sun zo sun taya a kan kilo, kamar ana sayen tsohon gatari. Abin ya sosa min rai, amma idona yana kan kantar kaset. Rabinta wayam.

Na ce, “Yaya, ina sauran kaset ɗin?”

Ya ce, “Ai na rage muku aiki. Na karatu da na wa'azi ga su nan na adana. Na kiɗa kuwa na fitar da su. Mutum yana kwance a kabari, a bar masa kalangu a ɗaki? Kawu na Toranke ya zo ya kwashe, buhu guda.”

Sai da na dafa bango. Abin da Yaya bai sani ba, don shi yana makarantar kwana lokacin, Baba bai taɓa sayen kaset fanko ba. Tsohon kaset na kiɗa yake samu, ya cusa takarda a ramukan samansa, ya ɗauki abin da yake so a kai, hoton mawaƙin kuma yana nan manne. Muryar Inna tana cikin wani mai hoton mai gurmi, gefensa ɗaya ya narke saboda fitila ta taɓa lasarsa. Da na faɗa, Yaya ya yi ta salati, ya zauna a kan amfilifaya. Autarmu ta gyara mayafinta ta kama hanyar ƙofa.

Na sungumi rikodar Baba muka bi ta. Yaya ya so binmu, ciwon ƙafa ya hana shi. A hanyar Ajingi ina ta lallashin kaina. Kawu, ƙanen Inna, manomi ne, kuma a sanina ko rediyo ba ya kunnawa sai don labarai. To me zai yi da buhun kiɗa? Na ce wataƙila tsufa ne ya zo masa da nishaɗi. A Ajingi muka tarar ranar kasuwa ce, buhunan gyaɗa da awaki sun cike hanya. Na zaga neman manyan batura, masu shago suna kallona kamar na tambayi kuɗin da aka daina karɓa, kowa sai ya nuna min cajar waya. Da ƙyar na samu a wurin wani mai tocila. Muka sha fura da nono a tsaye, wadda ita kaɗai ce abin da ban yi kukan tsadarsa ba a tafiyar nan, sannan muka hau babura zuwa Toranke.

A gida aka ce Kawu yana gona. Tun daga nesa na hango wani abu yana walƙiya a saman geron, kamar an watsa madubai. Muna matsowa sai na ji wani irin kuka siriri, fuuu, iska tana kaɗa shi. Sai a lokacin na gane abin da nake kallo. Zaren kaset ne. An ja shi daga sanda zuwa sanda, layi bayan layi, har ƙarshen gonar. Ashe haka suke korar tsuntsu: walƙiyar da kukan ba sa barin jan-baki ya sauka. Rayuwar Baba ce gaba ɗaya a shanye a rana tana gadin gero.

Kawu ya taho da fara'arsa, yana cewa, “Maraba da mutanen birni! Kun ga aikin kayan babanku? Bana ko tsuntsu ɗaya bai ci min ba, Allah Ya kai ladan kabarinsa.”

Na gaishe shi, na ce, “Kawu, muryar yayarka tana cikin zaren nan.”

Ya dube ni, ya dubi gonar, na yi masa bayani. Sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce kusan wata guda ke nan zaren yana shan rana da ruwa. Ban taɓa ganin Kawu ya tsorata ba sai ranar.

Abin da ya cece mu shi ne yadda yake aikin. Ba ya fasa kaset. Yakan tsinke zaren daga farko ya ɗaure a sanda, ya yi ta tafiya yana warwarewa, in ya kai ƙarshen layi sai ya rataye gidan kaset ɗin a sandar ƙarshe, don iska ta riƙa buga shi yana ƙwas-ƙwas. Muka bi gefen gonar mu uku muna juya su ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayin gero yana cin mu. Rana ta cinye hotunan duka, mai gurmi da mai kalangu sun zama abu guda. Autarmu ce ta tsaya cak, ta ɗago wani mai narkakken gefe, ta ce da ni, “Wannan ne?”

Shi ne. Kuma a cikinsa akwai ɗan ragowar zare a naɗe, bai kai kaurin zobe ba.

Muka zauna a gindin wata ɗorawa. Na sa biro na yi ta naɗe zaren da Kawu ya kwanto, ya yi fari, ya miƙe kamar tsirkiya. Na ɗaura bakinsa, na zuba batura, na danna. Rikodar da ta yi shekara da shekaru a kwance ta yi tari ta tashi. Sai shuuu kawai. Inda waƙar take, babu komai sai wannan shuuu ɗin, wani lokaci wani abu ya ɗan taso kamar murya a ƙarƙashin ruwa ya sake nutsewa. Autarmu ta kafa kunnenta a jikin rikodar, ni kuwa na kasa kallonta. Muka zauna haka har zaren ya kusa ƙarewa, na kai hannu zan kashe.

Sai ga dariya, tar, kamar a bayanmu take. Sannan muryar mace, ƙasa-ƙasa: “Malam, don Allah kashe abin nan, za ka tashe ta. Da ƙyar na samu ta yi barci.” Sai ƙarar maɓalli.

Kawu ya tashi ya shige cikin geron, muna jin kukansa. Autarmu ta ce, “Ni ce ‘ta’ ɗin?” Na ce ke ce. Ta ce in mayar. Na mayar, na kuma mayarwa, sannan muka ɗauka a wayoyinmu tun kafin zaren ya gaji.

Da la'asar muka koma Gaya. Na kunna wa Yaya, ya rufe fuskarsa da babbar riga. Shawarar da ta kawo mu kuwa ba ta ɗauki lokaci ba: lasifikoki biyu masu rai a kai masallacin unguwa, amfilifaya da garmaho 'yan gwangwan su ɗauka, rikoda ta autarmu ce. Kaset ɗin wa'azin da Yaya ya adana kuma babu wanda zai fita sai an saurare shi daga farko har ƙarshe, don wa ya san abin da Baba ya ɗora a kai. Yaya da kansa ya ce shi zai yi.

Mun iso Kano bayan magariba. Abin da na koyo a tafiyar nan, kayan mamaci ba a raba su da ido, hoton da ke waje ba shi ne abin da ke ciki ba. Waƙar dai ta tafi, tsuntsayen Toranke ne suka sha ta. A cikin bas ɗin dawowa autarmu ta rungume rikodar a cinya kamar jariri. Direba ya kai hannu zai ƙure kiɗa, sai na ji ta ce masa a hankali, “Malam, don Allah kashe abin nan.”