Gadon Abarshi

Ranar wata Alhamis ce cikin kaka, a shekarar da na shiga aji uku na firamare, wajen ƙarshen shekarun 1980. Na tashi da sassafe a gidanmu na Yammedi na tarar babu hayaƙi a madafi. A 'yan kwanakin nan kullum tun kafin rana ta fito ake hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunyar wankan jego, domin Inna, mahaifiyata, ta haifi ɗa namiji, saura kaɗan a yi suna. Ragon suna yana ɗaure a gindin darbejiya yana cin harawa, an riga an kai niƙa, 'yan'uwan Inna na garin Fulatan sun aiko cewa suna tafe. Amma ranar tukunyar a kife take, mata sun cika ƙofar ɗakin Inna. Na kutsa ta tsakanin zannuwansu, na ga Inna zaune a bakin gadonta na ƙarfe mai rumfa, hannuwanta a kan cinya, gaban rigarta ya jiƙe da nono. Jaririn yana hannun kakarmu Dada, uwar mahaifina da muke kira Baffa, an lulluɓe shi har fuska. Kafin hantsi ya dubi ludayi Baffa da wasu maza sun fita da shi naɗe cikin 'yar tabarma.

Lafiya lau aka kwanta da shi, da asuba aka tarar ba rai. A gaban Inna kowa yana cewa kwana ne ya ƙare, a yi haƙuri. A bakin rijiya kuwa, inda nake zuwa ɗibar ruwa da tuluna, wata magana daban nake ji ƙasa-ƙasa: wai nauyin barci gare ta, wai juyawa ta yi ta danne shi. Da sun gan ni sai su koma zancen tsadar kanwa. Wata rana a makaranta, lokacin tara, muna 'yar gala-gala a bayan aji, na taka layi na ƙi yarda, sai wata yarinya ta ce mini, "Ai dama ku ba ku san kun taka abu ba, Innarki ma ɗanta ta danne." Na kama ta da kokawa har na yaga mata riga. Malam ya zane ni a gaban aji, ya yi ta tambayar dalili, ban faɗa ba. A gida ma ban faɗa ba, amma na san maganar ta riga ni isa, domin Inna ta daina shiga gidajen biki, ta daina zama cikin mata idan ana sussuka. Takan tatsi shanu, ta kaɗa nono, ta yi tuwo, ta shige ɗaki.

Damina biyu bayan haka ta sake haihuwa, namiji kuma. Aka raɗa masa Isa, Dada ta sa masa Abarshi, kamar yadda ake kiran yaron da ya zo bayan an yi rashi. Kowa ya yi murna ban da mai jegon. Inna ta ƙi kwanciya. A zaune take kwana, ta jingina da bango, yaron a cinyarta, idan gyangyaɗi ya ɗauke ta sai ta zabura ta kai kunne bakin hancinsa. Da rana ana yi mata wanka da ruwan zafi tana layi kamar za ta faɗi, kunun kanwa ma sai an matsa mata take kurɓa. Idanunta suka faɗa, nononta ya fara ja baya, yaron ya riƙa kuka. Ungozoma ta yi faɗa, Dada ta yi lallashi da Hausa ta koma Fulatanci, duk a banza.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban fuskata idan da mutane ba. Shi ya sa ban manta yammacin da ta yafito ni cikin ɗaki ba. Ta sa na ɗauko karan dawa, ta tsayar da shi a jikin gadonta, ta karya shi daidai saman katifa. Ta ce ta taɓa ganin wani ɗan ƙaramin gado mai shinge a gidan wata malamar asibiti, ta kuma roƙi Baffa ya nemo mata irinsa a Ƙaraye, amma ta san maza, duk wanda ya fara gani shi zai ɗauko. Ta damƙa mini karan ta ce, "Ke, ki bi shi. Tsayinsa kada ya wuce wannan. Hannuna ya shiga, jikina kada ya shiga."

Ranar kasuwa Baffa ya goya ni a bayan kekensa, ina riƙe da karan kamar wadda aka ba sandar kiwo. Baffa mutum ne mai kunya, sayen irin wannan abu ya yi masa nauyi, sai da muka zagaya 'yan shanu ya gaisa da duk wanda ya sani kafin ya nufi abin da ya kawo mu. Ya fara tsayawa wajen masu saƙa, ya ɗaga wani faffaɗan kwando ya ce a shimfiɗa zani a ciki ya isa. Na ce a ƙasa za a ajiye shi ke nan, ga sanyi ga kunama, Inna kuma sai ta sauko. Ya dube ni ya mayar da kwandon. Wajen mai walda muka ga na ƙarfe, an shafa masa shuɗin fenti, ya ba ni sha'awa ƙwarai, amma da na jingina karan sai na ga ya fi shi tsawo nesa, tsakanin sandunan kuma har kaina yana iya shiga. Ga bakin ƙarfen da kaifi inda aka yi ɗori. Muka wuce.

A can ƙarshen layin kafintoci muka sami wani dattijo, Malam Ilu, yana sassaƙar ƙofa. Da Baffa ya yi masa bayani a taƙaice, sai ya shiga ciki ya jawo wani ɗan gadon katako da ya yi wa matar wani malamin makaranta, aka yi musu canjin wurin aiki kafin su karɓa. Ya goge shi da tsumma, na gwada karan, ƙafafun sun ɗan yi tsawo, ya ce wannan mai sauƙi ne, ya sa zarto ya rage su. Sannan ya kawo shawara cewa tunda a jikin gadon uwar za a ajiye, bari ya cire shingen gefe ɗaya, yadda za ta riƙa jawo yaron ta ba shi nono ba sai ta tashi ba. Baffa ya gyaɗa kai. Ni kuwa na riƙe gefen da hannu biyu na ce, "Baba, wannan gefen ne ta fi so." Dattijon ya dubi Baffa, Baffa ya sunkuyar da kai yana kallon ɓawon katako a ƙasa. Malam Ilu ya ɗauki takardar goge katako ya bi sandunan gefen nan ɗaya bayan ɗaya har suka yi sumul, don kada su kurje hannu.

A akori-kura muka ɗoro shi tare da keken, daga bakin hanya Baffa ya ɗaure shi a sirdin baya yana turawa. Yara suka biyo mu, wani mutum ya tambaya ko zomaye za mu fara kiwo. A gida Dada ta tsaya a tsakar gida ta ce ba za a shigar da shi ba. Ta ce ita ta haifi 'ya'yanta duk a jikinta suka kwana, jariri ɗumin uwa yake bukata, ɗan mutum ba ɗan tsako ba ne da za a sa shi a akurki. Ban taɓa jin Baffa ya musa wa mahaifiyarsa ba, ranar ma bai musa ba. Ya durƙusa ya ce ta yi haƙuri, ya miƙe ya ɗauki gadon ya shiga da shi. Inna ta shimfiɗa tsohon bargo da zaninta mai laushi, ta kwantar da Abarshi, ta hau gadonta ta zura hannu ta tsakanin sanduna ta ɗora a cikinsa. Ko la'asar ba a yi ba barci ya kwashe ta, ba ta farka ba sai da aka dawo da shanu.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na sani a gidan. Inna ta murmure, har na ji ta tana waƙa wajen daka. Abarshi ya yi ɓul-ɓul, ya fara zama, ya fara kama sandunan yana miƙewa yana gwaguyar katakon da sababbin haƙoransa. Idan na dawo daga makaranta na ajiye tsintsiyata, ni ke goya shi mu tafi tsinkar gyaɗa ko mu zauna gefe ina carafke yana ƙwace mini duwatsu. Dada ba ta taɓa yabon gadon ba, amma ita ta ɗinka masa ɗan matashi.

Da bazara ƙyanda ta shigo gari. Gida-gida take bi, kullum sai an fita da 'yar tabarma daga wata unguwa. Abarshi ya fara da mura da jan ido, ƙuraje suka feso, aka tsare shi a ɗaki ana ba shi jiƙe-jiƙe. Da numfashinsa ya fara sarƙewa Baffa ya kai shi asibiti, aka yi masa allura aka ba da magani, amma ciwon ya riga ya sauka a ƙirji. Ya cika da rana tsaka, a cikin gadonsa, ɗakin cike da mata: Dada, da Goggo ƙanwar Baffa, da maƙwabta, har da waɗanda nake jin muryarsu a bakin rijiya. Inna ba ta yi kuka ba. Ta zare hannunta daga tsakanin sandunan a hankali, ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Kun dai gani da idonku. Wannan karon ba ni ba ce."

Wata ta ja mayafi ta rufe fuska, wata ta sulale ta fita. Dada, wadda ban taɓa ganin hawayenta ba, ta rarrafo ta kama ƙafar surukarta tana kuka tana magana da Fulatanci, tana cewa ba ita ba ce ko a wancan karon, duk wanda ya sake faɗa bai da wurin zama a gidanta. Sai a lokacin Inna ta fashe da kuka, kukan yara biyu a haɗe.

Bayan Abarshi ta haifi wasu biyu, mace da namiji, duk a gadon nan suka yi jarirantaka, kuma Allah ya raya su. Amma har ta tsufa ba ta sake kwanciya kusa da jariri ba. Da na je gida wankan ɗana na fari, ita ta yi mini komai, ta yi masa wanka ta gasa masa cibi, amma idan yana kan gado ko zama ba ta yi a gefensa. Na daɗe da yin aure kafin wata malamar asibiti ta gaya mana a wajen awo cewa akwai jariran da numfashinsu kan tsaya cikin barci haka kawai, ba tare da kowa ya taɓa su ba. Na yi tattaki har Yammedi na faɗa wa Inna. Ta daɗe tana jan carbinta, sannan ta ce, "Da an gaya mini tun ina da sauran ƙarfi."

Yanzu kantuna a Kano cike suke da gadajen jarirai, masu taya, masu gidan sauro, masu lilo. Da 'yata ta kusa haihuwa, hotuna ta yi ta turo mini a waya tana tambayar wane launi ya fi kyau, tana dariya. Ga rigakafi a kusa, ga likita a kusa, ga wanda zai yi wa uwa bayani idan abu ya faru. Na taya ta zaɓe da farin ciki, amma zuciyata tana can tsohon gidanmu, wajen matar da ba ta nan yanzu, wadda ta yi shekaru tana jin tsoron barcinta. Inna ta cancanci a tausaya mata tun ranar farko.