Ƙulli Uku da Na Ƙara

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: ni ne wawan wannan labari. Na manta abubuwa da yawa a duniya, ko haƙoran da suka rage mini sai na laluba da harshe nake sanin yawansu, amma wannan ba zan manta shi ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Lokacin ina da sauran ƙarfina a Matameye, tun ba mu taɓa ganin Nasara da ido ba. Sana'ata tufkar igiya ce, amma na fi son a ce mini Malam, domin na kai izu biyar a makarantar allo kafin karatu ya ga ba zai iya da ni ba ya sallame ni. Ina da 'ya ɗaya mai shekara bakwai wadda ba ta taɓa furta ko kalma guda ba. Tana ji sarai, sai dai ba ta amsawa, ba ta kallon mutum cikin ido, taro kuma firgita ta yake yi. Aikinta kullum jera 'ya'yan tsamiya a gindin bango, in ka taɓa ɗaya ka jawo wa unguwa kuka. Mutum ɗaya ta yarda da shi a duniya, uwarta.

To, uwar ta samu ciki bayan mun binne jarirai biyu, sai surukata ta ce wannan karon a gabanta za a haihu, a Dungu, kuma a can za a yi wankan jego na kwana arba'in. Aka bar mini yarinya, ni da Innata. Tun ranar da yarinyar ta ga uwarta ta hau jaki ta bi hanyar Dungu, ta daina cin abin kirki, kuma da an ɗauke ido sai ta kama wannan hanya. Sau biyu masu itace suna dawo mana da ita. Zamanin nan kuwa masu kamen mutane na yawo a daji. Yaro mai baki ma da ƙyar ake gano inda aka kai shi, balle wadda ba za ta iya faɗin sunan garinsu ba.

Na yi nazari irin na manyan malamai, na gano ciwon: ba ta san kwana ba. A wurinta uwa ta tafi ke nan, babu gobe babu jibi. Sai na zaunar da ita ina rera mata Lahadi, Litinin, Talata, ina ƙara murya kamar mai kiran salla. Ta toshe kunnuwa. Da na ga haka na ɗauko allona, na rubuta sunayen ranakun bakwai da tawada, na wanke a ƙoƙo na ba ta ta sha, don su shiga kanta ta hanyar ciki. Ta sha Lahadi har zuwa Asabar, ta yi gyatsa, washegari aka tsinto ta a bayan gari.

Inna tana kaɗi tana kallona har ranar da aka kawo labarin an haihu lafiya. Ta ce in ba ta igiya mai tsawo, in kuma koma gefe da ilimina. Ta ce yarinyar da ke zama a bakin zaure tun asuba duk ranar kasuwa, kafin mai kaya ko ɗaya ya wuce, ba za a ce ba ta san rana ba, sunayen ne dai ba ruwanta da su. Ta yi ƙulli arba'in a jikin igiyar, duk inda ranar kasuwa ta faɗa ta rataya goruba, can a ƙarshe kuma ta ɗaura tsohon kallabin uwar, wanda ko wanke shi ba a yi ba. Ta kama hannun yarinyar ta bi da shi ƙulli bayan ƙulli har kan kallabin, ta kai mata shi hanci.

"Ƙawata," in ji Inna, "kullum rana ta fito, ɗaya. In sun ƙare, ga innarki."

Kwana uku na farko sai da aka riƙe mata hannu, don so take ta kwance su duka uwar ta ɓullo. A na huɗu ita ta tashe mu. Ta tsaya gaban igiyar tana jira, sai da rana ta taɓa kan rumbu ta kwance ɗaya, ta je ta shinshina kallabi, ta zauna ta sha kunu. Ranar kasuwa ta cire gorubarta ta gwagwiya. Guje-guje ya tsaya cak. Ni kuwa na shiga gari ina ba da labarin dabarar da muka yi, ina danna "muka" ɗin da ƙarfi.

Saura ƙulli biyu sai ga saƙo daga Dungu: a ƙara musu kwana uku, ba a gama nakiya da alkakin gara ba, kuma yayyen matata da za su rako ta ba su dawo daga tafiya ba. Inna ta ce a san yadda za a nuna wa yarinya gaskiya. Na ce ta bar ni da abin, igiya ai fannina ce. Da Inna da yarinyar suka tafi rijiya da hantsi, na lallaɓa na sake ƙulla uku daga cikin waɗanda ta riga ta kwance. Na ja baya na duba aikina, na yaba wa kaina.

Abin da ban lura ba, Inna ƙullin mai kaɗi take yi, ƙarami, ni kuwa hannuna ya saba da na ɗaure jaki. Da yarinyar ta dawo ta tsaya gaban igiyar ta daɗe. Ta shafa nawa ɗaya bayan ɗaya, ta kwance su tas, ba ta taɓa biyun Inna ba. Sannan ta juyo ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun haihuwarta. Na kawar da kai, na ce wa raina ai yaro ne, zai manta.

Ranar arba'in ta kwance na ƙarshe, ta ɗaura kallabin a wuya, ta zauna bakin zaure. Ina tufka ina satar kallonta. Na shiga shan ruwa, na fito babu kowa. Ban san na iya gudu haka ba. Na ja jakin maƙwabci ko sallama ban yi masa ba, na kama hanya ina kiran wadda na san ba za ta amsa ba, duk ƙurar da na hango sai in ce masu kamen mutane ne. Can nesa da gonakin gari na same ta tana tafe a tsakiyar turba, ƙaya a ƙafa, ko waige ba ta yi.

Na sha gabanta, na nuna mata gida. Ta ɗaga mini kallabin. Nan na gane ba gudu ta yi ba wannan karon. An ce mata in ƙulli ya ƙare ga uwarta, ƙulli kuwa ya ƙare. In na mayar da ita gida yau, babu igiyar da za ta sake riƙe ta. Sai na ɗora ta a kan jakin muka miƙe Dungu.

Ku da kuka san kunyar surukai kun san abin da na sha, na faɗo musu da la'asar, babu hula, hannu rabbana, kamar mai ƙorafin an riƙe masa mata. Matan gida suka yi ta guɗa suna cewa angon jego ya kasa haƙurin kwana uku. Ban kula su ba. Ina kallon 'yata ta shige ɗaki ta kwanta jikin uwarta, ta ci tuwo malmala biyu.

Daga ranar ban sake yi wa yaro wayo da alkawari ba. Wanda ba ya magana ba shi da abin riƙewa sai abin da ka nuna masa, in ka taɓa wannan ka raba shi da komai. Da igiya ta koyi azumi, da igiya ta san watan salla, har ta girma mata na zuwa duba tata don su san kwanan wata.

Amma hali ba ya barin mai shi. Wata rana baƙi sun zo suna mamakin igiyar, na gyara zama na ce ai ni na koya mata lissafin kwana, da ɗan abin da Allah ya hore mini na ilimi. Inna ko ɗaga kai ba ta yi daga mazarinta ba.

"Kai da ka ba ta Talata ta sha?" in ji ta. "Kwana arba'in ta ƙirga ba ta ɓata ɗaya ba. Kai uku kaɗai ka taɓa, sai da muka kusa rasa ta."