Yadda Na Sa Maigidana Ya Tone Tayarsa

Shekarar da aka ce mu tashi daga tsohuwar tasha, ni ne shugaban direbobi. Wurin ya yi mana kaɗan. Ranar kasuwar Mai'adua, idan babbar mota ɗaya ta shigo ɗaukar buhunan gero, sai ƙananan motoci su rasa inda za su juya, fasinja su yi ta tsallake awaki da kayan mutane. Hukuma ta ba mu fili a bayan garin Daura, aka kewaye shi, aka yi masa ƙofa biyu, ta mutane a gaba, ta kaya a baya.

Injiniya ya zo da taswirarsa ya shimfiɗa mana. Ni karatuna bai wuce firamare ba, sauran ma haka. Muka duba, muka ce ta yi kyau, ya naɗe abarsa ya tafi. Mu kuwa muka raba wurin yadda muka saba. Kowane layi, wato motocin da ke bin hanya ɗaya, ya kawo tsohuwar taya, a haƙa rami, a binne rabinta inda motocinsa za su riƙa tsayawa. Inda tayarka take, nan ne wurinka, ba takarda, ba sa hannu. Wanda ya taɓa tayar wani ya ja wa kansa faɗa da tasha duka. Amma idan mai ita ya tone ta da hannunsa, to ya sallama wurin ke nan.

Layin Mai'adua da Kongolam ya fi kowane daɗewa, don haka shi aka fara ba zaɓi. Babbansu maigidana ne, wanda ya koya mini tuƙi. Ya zaɓi gefen ƙofar mutane, gindin wata darbejiya. Fasinjansa mutanen ƙauye ne, tsofaffi da mata masu kaya niƙi-niƙi. Idan ba su hango mota daga ƙofa ba, masu babur ne za su kwashe su.

Ina da mataimaki a lokacin, abokina ne na shekaru, kwano ɗaya muke ci a tasha. Ana saura kwana kaɗan a buɗe wurin ya ja ni gefe. Ya ce wani attajiri ya sayo sababbin bas-bas na zuwa Kano da Katsina, yana so a jera su a bakin ƙofa ranar buki.

"Ciyaman, mako ɗaya ne kawai," in ji shi. "Manya za su zo, da masu ɗaukar hoto. Kana so abin da za su fara gani ya zama motar Baba, da ƙofarta ɗaure da igiya?"

Na yi dariya. Har yau ina jin kunyar wannan dariyar.

Na ce to a matsar da motocin, a bar tayar inda take. Ya ce nan za a kafa rumfar baƙi, dole a share wurin.

"Ka san ba mai taɓa ta sai shi. Ni idan na je, korata zai yi. Kai kuwa ɗansa ne."

A nan ya kamata in gane. Na san al'adar fiye da shi. Amma ina hango kaina a kujerar gaba, an ce ga shugaban da aka buɗe sabuwar tasha a zamaninsa.

Na iske maigidana da hantsi yana zuba ruwa a lagireto, ba kowa kusa.

"Ciyaman da kansa? Yau kuma laifin me muka yi?"

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ajiye galan, ya daɗe yana goge hannu.

"Ka san abin da kake roƙo kuwa?"

"Na sani, Baba. Mako ɗaya. Ni zan tsaya a mayar da ita."

"Wa ya ce mako ɗaya?"

"Ni na ce."

Ban ambaci mataimakina ba, don na san bai yarda da shi ba. Ya ce tunda ni na ce, shi ke nan. Ya ari diga wurin masu aikin katanga, ya tone tayar a gaban jama'a, ya gangara da ita can baya kusa da ƙofar kaya. Direbobinsa na ta tambayarsa dalili, ya ce su yi haƙuri kawai.

Aka yi buki, na zauna a kujerar gaba. Mako ya cika, aka cire rumfar baƙi. Washegari sai ga magina da siminti da ƙarafa, suna kafa wa motocin attajirin rumfar kwano ta dindindin a wurin maigidana, darbejiyar ma aka sare mata rassa. Na nemi mataimakina, ya ce yana Kano. Daga baya na ji cewa tun kafin bukin attajirin ya ɗora shi a kan motocinsa.

Na kira taro a gaban masallacin tasha. Direbobin Kongolam suka zo a fusace. Mataimakina ya miƙe cikin natsuwa, kamar mai ba da sanarwar ɗaurin aure.

"Jama'a, wa ya tone tayar nan?"

Aka ce mai ita.

"Wani ya riƙe masa hannu? Wani ya gan ni kusa da shi? To idan akwai wanda ya sa shi, ya tashi ya faɗa."

Ya san abin da yake yi. Idan na tashi, na faɗa wa tasha duka cewa shugabansu ne ya jawo wa layi mafi daɗewa asarar wurinsa, kuma zaɓe na ƙaratowa. Na ce a raina bari in fara neman attajirin a ɓoye, in gyara abin ba tare da surutu ba. Maigidana na zaune a kan benci, ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kansa ƙasa. Ni kuwa ban tashi ba.

Attajirin bai taɓa yarda mun haɗu ba. Da zaɓe ya zo, mataimakina ya kayar da ni.

Bayan tasha ba wurin fasinja ba ne. Manyan motoci na ja da baya, 'yan dako na gudu da buhuna a ka, hayaƙi ko'ina. Tsohuwa ba za ta ratsa wannan da jikanta da akuyarta ba. Matasan layin suka koma ɗaukar mutane a bakin titi, ana kora suna dawowa. Maigidana ya ce shi bai taɓa lodi a titi ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Sai ya wuni da mutum uku a mota. Kafin damina ta zagayo ya jingine tuƙi, ya koma ƙauyensu kusa da Mai'adua.

Ni kuwa na yi shekara da shekaru ina ba da labarin yadda abokina ya ci amanata. Gaskiya ne, ya ci. Har yau idan na hango shi a jana'iza nakan canja sahu. Amma duk inda na ba da labarin, nakan tsallake wurin da na durƙusa gaban tsohon.

Sai da na ji maigidana ba shi da lafiya na je. Na same shi a zaure, an jingina shi da bango, ido ya yi rauni.

"Baba, an cuce mu," na ce.

"Mu? Kai kujera ka rasa." Ya yi tari. "Wancan bai cuce ni ba, don ban taɓa ba shi yarda ba."

Na nemi gafara. Ya ce ya yafe tun tuni, amma akwai abu ɗaya. Direbobin da ya raina da hannunsa sun ɗauka sayar da wurin ya yi. Ko ɗaya bai taɓa zuwa gaishe shi ba.

"Ba na so su ƙi zuwa jana'izata. Ka je ka faɗa musu."

Ranar kasuwar Mai'adua na je bayan tasha. Cikin waɗanda suka san zancen, mutum huɗu kawai suka rage. Na tsaya a gabansu na faɗi komai, tun daga dariyar har shirun da na yi a taro. Ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya miƙo mini hannu. Babbansu ya tambaye ni ko tsohon na gane mutane har yanzu. Na ce yana ganewa da murya. Ya juya ya ce wa sauran su sauke lodin yamma, ƙauye za su.

Motar akwai wuri, amma ba su ce in shiga ba.