Ranar Da Ɗan Acaɓa Ya Wuce Da Ni Ƙofar Shagona

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ban da ranar da na biya kuɗin acaɓa a Gumel aka ce mini na bar gari.

Gyaran rediyo nake yi a lokacin, ba a daɗe da ƙirƙiro Jigawa ba. Galibin masu kawo mini aiki baƙi ne, daga Ɗanzomo, Gagarawa, har da na tsallaken Maigatari. In sun sauka a tasha, mai shayin bakin ƙofa suke tambaya, shi kuma ya kwatanta musu layinmu. Don haka na riƙe mutumin nan hannu bibbiyu. Kyauta nake gyara masa rediyo, goron Juma'a kuwa ba ya wuce shi.

Sai aiki ya ɗauke ɗif. Wata uku ina korar ƙuda, har maiɗakina ta fara cewa in rufe shago in koma gona. Na je na tsare mai shayi, ya rantse ba mai tambayarsa. Na ce ƙarya ne, saye shi aka yi. Har gaisuwa muka daina.

Ran nan haushi ya ishe ni, na rungumi wani tsohon rediyo na tafi tasha kamar baƙo, in ji da kunnena. Ko ƙofa ban kai ba 'yan acaɓa suka yi mini caa. Ashe yanzu baƙo ba ya ma isa teburin shayi! Na hau bayan ɗaya na ce, "Wurin mai gyaran rediyo."

Muka biyo layinmu, ina kallon shagona ya wuce. Na taɓa kafaɗarsa.

"Wancan fa?"

"Haba Malam, ai wannan ya tashi. An ce ya koma Gagarawa."

"Wa ya ce?"

"Oho, haka dai muke faɗa. Ba wanda ya san shi a cikinmu."

Bai dire ni ko'ina ba sai gaban wani da ni na koya wa narka dalma. Rediyoyi jibge, shi kuwa ya miƙe yana cewa, "Maigida, lafiya?" Cike da takaici na biya ɗan acaɓa kuɗinsa, na juya gida da rediyona.

Washegari na je na gaisa da 'yan acaɓa ɗaya bayan ɗaya, na nuna musu kaina da shagona, shago ya tsira. Tun daga ranar na gane iya aiki kaɗai ba ya riƙe sana'a. Sai ka riƙa bibiyar wanda baƙo yake tambaya a yau, don in bai san ka ba, kana zaune zai ce ka tashi.