Gangar Noma a Filin Fareti

Ni mutumin Kalgo ne, kuma tun ina firamare nake da ciwon fareti. Da zarar ɗaya ga Oktoba ta matso, abinci ma ba ya shiga bakina sosai sai na ga an wanke mini farar riga an goge. Saboda haka da aikin koyarwa ya jefa ni wata 'yar makaranta a wani ƙauye can gaba da Dodoru, abin da na fara tambaya shi ne, wa ke koya wa yara maci a nan? Aka bushe mini da dariya. Ashe makarantar ba ta taɓa zuwa faretin 'yancin kai a Gwandu ba, ko sau ɗaya.

Da farko na so in haƙura. Amma a wani taron malamai a Gwandu na tashi na faɗi sunan makarantarmu, sai wani malamin cikin gari ya juyo ya dube ni ya ce, “A'a, ashe akwai makaranta can?” Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai. Ni kuwa ba a taɓa ni in kwana da abin. Kafin in hau babur ɗin komawa sai da na sa aka rubuta sunanmu cikin masu fareti na bana, ban ko yi shawara da kowa ba.

Allah ya taimake ni da wata abokiyar aiki, Kirista ce daga kudancin Kebbi, wadda duk ƙauyen ke kira Malama. 'Yar soja ce, a bariki ta tashi. Gajeruwa ce, amma in ta daka tsawa har awakin bayan makaranta sai sun nutsu. Ta karɓi aikin horar da yara da hannu biyu. Sai dai kwana uku muna fama, “hagu, dama, hagu, dama,” yara na ta ɗaga ƙafar da suka ga dama. A rana ta huɗu kuma rabinsu ba su zo ba sam.

Na manta da abin da kowane ɗan ƙauye ya sani, cewa ƙarshen Satumba lokacin yankan gero ne. Ga gero kwance a gonaki, ga hadari bai gama tafiya ba, kowane uba na neman hannu. Ni da Malama muka je muka sami iyayen bayan la'asar a gindin bishiyar da suke zama. Na zage na yi musu wa'azin kishin ƙasa, har da ɗaga yatsa. Suka bar ni na gama. Sai wani dattijo, wanda shi ke kaɗa gangar noma in an yi gayya, ya gyara zama ya ce, “Malam, mun ji. To mi za mu ci in ruwa ya bugi geron ga? Tuta za ka zuba muna cikin rumbu?”

Malama ce ta durƙusa ta ce, “Baba, in muka zo mu duka, malamai da yara, muka yi muku gayya gona bayan gona, za ku ba mu su in an gama?” Dattijon ya dube ta, ya dubi hannuwana masu laushi, ya yi murmushi ya ce, “In Malam ya iya ɗaukar dami, ni kau zan kawo ganga.”

Kai, na sha wuya! Ƙaiƙayin gero ya ci wuyana, tafin hannuna ya yi bororo, matan ƙauyen suka samu abin dariya na mako guda. Muna tashi daga makaranta sai gona. Manya na yanka suna ɗaurewa, yara na jera layi da ƙananan dammuna a ka zuwa rumbu, Baba na gefe yana zuba kiɗa. Rana ta uku Malama ta ja hannun rigata ta ce, “Malam, dubi ƙafafunsu.” Na duba. Yaran nan da suka kasa bambance hagu da dama, ga su suna tafiya taku ɗaya, wuya a miƙe saboda kayan da ke kansu, ƙafa na sauka daidai da bugun ganga. Babu wanda ya koya musu, da shi suka tashi.

Da aka gama kwashe gero, iyaye suka cika alkawari. Kullum da yamma Baba ya zo filin makaranta ya kaɗa, Malama na ba da umarni, ni kuma ina ta zagaye ina surutu. Cikin 'yan kwanaki yaranmu suka zama abin kallo.

Ranar biki muka cika mota tun da sassafe. Baba ya sha babbar rigarsa ta Sallah, ya rungume ganga a cinya, wasu iyayen suka biyo mu a babura. Muna isa filin Gwandu na ga makarantun cikin gari, safa fara tas, takalma na ƙyalli, ga 'yan badujala a tsakiyar fili da kayan busa suna walƙiya. Na waiwaya na dubi gangar Baba, fatar ta yi baƙi don tsufa, igiyarta duk ƙulli. Sai kunya ta kama ni. Zan faɗi gaskiya, tsoro na ji kada malamin nan na cikin gari ya sake samun abin faɗa.

Na ja dattijon gefe na ce, “Baba, ka ga akwai masu kaɗa wa kowa da kowa. Ka tsaya daga bayan shinge ka huta, ka yi kallo.” Ya dube ni, ya ce, “To, Malam.” Ya saɓi gangarsa ya fita. Malama ta watsa mini wata harara.

Aka yi taken ƙasa, aka fara fareti. Da aka zo kanmu, badujala ta ɗauka da sauri, irin kiɗan da yaranmu ba su taɓa ji ba. Taku goma ba su yi ba layi ya karkace. Wannan ya taka wancan, mai riƙe da tuta ta waiwayo tana nemana da ido, hawaye ya cika mata fuska. Na fara jin dariya daga wajen 'yan kallo. Na yi tsaye, na san ni na jawo mana.

Sai na ji gangar Baba daga bayan shinge. Bugu uku masu nauyi, sannan kiɗan gayya ya ɓarke. Wallahi kafin in ƙifta ido wuyan yaran nan ya miƙe, ƙafafu suka haɗu, ƙasa ta ɗauki dim, dim, dim. Shugaban 'yan badujala ya saurara, ya ɗaga hannu ya tsayar da mutanensa. Filin Gwandu kaf babu abin da ke tashi sai gangar noma. Su kuwa 'yan kallo, ai kusan duk manoma ne ko 'ya'yan manoma, sun san kiɗan. Mata suka rangaɗa guɗa, tsofaffi suka miƙe tsaye, har cikin rumfar manyan baƙi na hango wani yana kaɗa kafaɗa. Mai magana a lasifika ya faɗi sunan makarantarmu, ya sake maimaitawa.

Yara suka sara wa manyan baƙi suka wuce. Da suka zo daidai shingen da iyayensu ke tsaye, sai Malama ta sake daka tsawar nan tata, abin da ba ya cikin tsari. Duk suka juya fuska lokaci ɗaya suka sara wa Baba, mai tuta ta sunkuyar da ita. Dattijon bai fasa kiɗa ba, amma na ga hawaye na gangarowa cikin gemunsa. A rayuwata na sha ganin fareti, ban taɓa jin ƙasar nan tawa ce ba kamar a wannan lokacin.

Da aka watse na zagaya bayan shinge. Na tsuguna a gabansa na ce, “Baba, na yi maka laifi, ka yafe mini.” Ya goge fuska da hannun riga ya ce, “Kunya ka ji da ni, Malam, na sani. Tashi, wanga duk ba shi ne ba.” Ya kama kafaɗata ya juya ni wajen da yaran ke tsalle suna rungume juna. Ya ce, “Ka ga ɗiyanmu? Ka gan su dai?”

Na ce, “Na gan su, Baba.”

Ya ce, “To yau Gwandu ma ta gan su.”